Inna, Ki Ce Yau

Tungar Arzika, ta Wara
Watan Safar

Zuwa ga ƙanena Tanko,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Bilkisu da yara. Mu nan lafiya lau, in ka cire ƙafata ta hagu da ke kumbura in na daɗe tsaye wurin banda. Surukata Murjanatu tana cikin takabarta, tana cin abinci in an tura mata gabanta. Ruwa ya fara ja baya, kifi ya yi arha.

Na san ka yi ta kiran wayata. Ba sabis ba ne, ni ce ban ɗauka ba. In na kanga ta a kunne bakina ba ya buɗewa, sai in tsaya ina jin numfashin mutum har ya gaji ya kashe. Takarda ta fi mini sauƙi. Zan riƙa ba Jamilu direban motar kifi, tunda daga Yelwa har Ibadan yake zuwa, kai ma ka riƙa ba shi amsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wayar ɗanka marigayi ta fito. Ashe ranar da jirginsa ya bugi kututture ba ta jikinsa, ya bar ta wurin Andrew mai caji a kasuwar Wara. Andrew ya yi ta ajiyarta bai san mai ita ba, sai da ya lura da hoton jirgin a fuskarta, sannan ya kawo mini har gida, ya yi gaisuwa ya tafi. Na karɓa na sa cikin kwalla. Ban ji komai ba, Tanko. Tun da anka fito da ɗan farina daga ruwa ban yi kuka ba, mata har sun fara kallona.

Amma akwai abu guda. Muryarsa ta fara ɓace mini. Fuskar tana nan, akwai hoto a ɗakin matarsa. Murya ce in na nemo ta a kaina sai in ji ta wani, wani lokaci taka, wani lokaci ta mai sayar da man inji. Na tambayi Murjanatu ko akwai saƙonnin da yake aiko mata da baki. Ta ce da akwai, da yawa ma, cikin manhajar nan da ka sa musu da ka zo Sallah. Muna zaman makoki sunka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya tana kallo, kafin sadakar bakwai babu ko guda. Ta ce haka kunka tsara ta, ta riƙa share bayanta da kanta. Sannu da aiki.

Ta ce kuma kullum yana magana cikin wayar tasa in yana kan ruwa, to ƙila akwai saura a ciki. Sai dai a kulle take, kuma kai ka koya masa kullewar. Ka aiko mini da makullin. Ba na son hoto, ba na son sanin da wa yake hira. In ji shi kawai.

Yayarka,
Hansatu

*

Ibadan
Watan Rabi'ul Awwal

Yaya Hansatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni a shago, na rufe kwamfutar da nake gyara na karanta ta a tsaye. Bilkisu da yara suna lafiya, suna gaishe ki. Ki riƙa ɗora ƙafar nan bisa turmi in kin zauna, kuma ki rage tsayuwa. Allah ya jiƙan Ya'u, ya ba mu haƙurin rashinsa.

Abu na farko, don Allah kada ki kai wayar wurin mai gyara. In ya kasa buɗe ta zai ce a yi mata filashin, wato a wanke ta tas, kuma abin da aka wanke ba ya dawowa. Na biyu, kada kowa ya yi ta gwada makulli da ka. Mun saita ta ne in an yi kuskure sau da yawa ta goge duk abin da ke cikinta.

Na san za ki ce wane irin hauka ne wannan. Ki tuna yadda ake ciki bara, lokacin da 'yan bindiga ke tare mutane suna karɓe waya suna duba wa ya kira wa. Ya'u da wasu masu jirage ne ke sanar da 'yan sa kai in sun ga baƙin fuska a bakin ruwa. Sunayensu suna cikin wayar nan, kuma suna raye, da iyali. Shi ya sa na cire masa manhajojin da ke kwasar bayanan mutum, na sa masa buɗaɗɗun manhajoji. Ana ce musu buɗaɗɗu ne don kowa na iya duba yadda aka gina su, a tabbatar ba a bar wata ƙofar baya ba. Ko waɗanda suka ƙera su ba su iya shiga wayar mutum. Ni ma da na sa su ba ni iyawa, sai da makulli.

Murjanatu ta yi gaskiya, akwai muryarsa a ciki. Akwai wata taswira ta kowa da kowa da ke aiki ko babu sabis. Ya'u ya ɗauki aikin sa alamar kututturan da ke ƙarƙashin ruwa a kanta, tun daga Wara har wajen Yelwa. In ya iso wurin yakan danna, ya faɗi da baki abin da ke nan da inda za a bi. Wannan ba ya ɓacewa kamar saƙonni. Yana nan.

Na san makullin, a gabana ya zaɓe shi. Amma takardar nan tana bin hannu da yawa kafin ta iso ki, kuma an san wayar tana gidanki. Ba zan rubuta shi ba. Abin da zan ce kawai, 'yar gajeriyar magana ce, kuma ƙarshenta sunan nan ne da ba ki faɗa. Na gaya miki ne don hankalinki ya kwanta ki san bai ɓata ba, ba don ki gwada ba. Ki jira ni, in Allah ya yarda zan zo kafin azumi mu buɗe tare.

Ƙanenki,
Tanko

*

Tungar Arzika
Watan Rabi'ul Ahir

Tanko,

Ina gaisuwa. Ƙafa da sauƙi. Balaraba ta wajen Shanga ta zo mana kwana biyu, ta taya ni banda, ta koma. Murjanatu ta yi zazzaɓi ta warke.

Takardarka ta daɗe a hanya, motar Jamilu ta lalace wajen Kontagora. Kafin ta iso na riga na kai wayar Yelwa. Mi kake so in yi, in zauna ina kallonta cikin kwalla? Mai gyaran ya gwada shekarar haihuwa, ya gwada lambar jirgi, ya gwada abin da ban sani ba. Da ya ce filashin sai na ji kalmar ba ta kwanta mini ba, na karɓe abata na hau kabu-kabu na dawo tasha. Wannan dai Allah ya tsare.

Da takardar taka ta zo na karanta wurin buɗaɗɗun manhajoji na kasa gane kanta. Abu buɗaɗɗe, ga shi ya fi kwaɗon shago kulluwa. Balaraba ta ce ƙila kamar kwaɗon ne, kowa ya san yadda maƙeri ke yin sa amma mai ɗaki kaɗai ke da makulli. Na ce to, mai ɗakin yana maƙabarta.

Ka ce kada in gwada. Na gwada. Ka ce sunan da ba ni faɗa, na ce ai wannan mai sauƙi ne, na mahaifinsa ne. Tun da anka kawo ni gidanga har Malam ya rasu ban taɓa kama sunansa ba, kai shaida ne. Na rubuta shi a takarda na miƙa wa Murjanatu, ta sa shi kaɗai, ta sa shi da Malam a gaba, ta sa shi da Allah ya jiƙan a gaba. Kowane sai wayar ta girgiza ta ƙi. Yanzu wani jan rubutu ya fito, Murjanatu ta ce yana cewa saura biyu ta goge komai.

Ban yi fushi da kai ba, ba ni da ƙarfin fushi. Amma ka ji ni da kyau. Kafin azumi da nisa. Kai kana can kana tsare sunayen mutane, ni nan kullum sai na wayi gari da abin da ya ragu. Jiya na yi ƙoƙarin tuna yadda yake sallama in ya shigo gida, na san kalmomin, sautin ne babu. In na jira ka, ko an buɗe ba zan san ko shi ne ba.

Ka rubuto shi ƙarara, ban da kewaye-kewaye. Ka liƙe takardar da kyau ka ce wa Jamilu hannu da hannu. Wayar tana ƙarƙashin katifata, wanda zai ɗauke ta sai ya ɗaga ni. In an ji muryar, ka zo ka goge sunayen mutanenka da hannunka.

Hansatu

*

Ibadan
Watan Jimada Ula

Yaya,

Ina gaishe ki da Murjanatu. Mu duka lafiya, sai ƙaramar da ke fitar da haƙori. Jamilu yana tsaye a ƙofar shago yana jirana, don haka a gurguje nake.

Na ji ki. Ba Malam nake nufi ba, kuma da na san haka za ki ɗauka da ban yi wannan zancen ba sam. Ga shi nan, a rubuta shi daidai yadda yake, da tazara tsakanin kalmomi, kada a ƙara kada a rage:

Inna ki ce Ya'u

In kin haddace ki jefa takardar nan cikin wutar banda. A sa wayar caji ta cika kafin a fara, kuma a bar Murjanatu ta danna a hankali, ta duba kowane harafi kafin ta tura. In ta buɗe, a nemi hoton taswira mai launin ruwan ganye, a shiga, alamomin suna nan jere.

Allah ya sa ki ji abin da kike nema.

Tanko

*

Tungar Arzika
Watan Jimada Ula

Tanko,

Gaisuwa. Muna lafiya. An yi rasuwa a gidan Mainasara, tsohuwarsa ce, na je na zauna na dawo.

Takardarka ta zo a jiƙe. Jamilu ya ba wani mai jirgi ita a Wara don ya kawo mini, ruwa ya fantsamo ciki, ta kwana cikin aljihun rigarsa. Na shanya ta bisa murfin tukunya. Tawada ta ɗan bazu amma ana karantawa, har layin da ka ware shi kaɗai. Inna ki ce yau. Na haddace, na ƙone takardar kamar yadda ka ce.

Na kira Murjanatu na faɗa mata, ta danna a hankali, ta karanta mini abin da ta rubuta, na ce haka ne. Ta tura. Wayar ta girgiza ta ƙi. Saura ɗaya.

Na karɓe ta na mayar ƙarƙashin katifa, na je na juya kifina don kada ya ƙone. Murjanatu ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta yi magana, sai ta koma ɗaki.

To ko ka manta ne, ko ya canza bayan tafiyarka. Kuma ni ban ga suna a ciki ba, alhali da ka ce ƙarshenta suna ne. In ce mi yau? Mi yake so in ce? Na juya maganar nan ina wanke kifi, na juya ta ina alwala, ban ga kanta ba. In akwai abin da ya taɓa gaya maka yana jira in ce, ka faɗa mini, ko da ba zai buɗe waya ba.

Ba zan sake taɓa ta ba. Muddin tana kulle dai na san yana ciki.

Hansatu

*

Ibadan
Watan Jimada Sani

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Mu lafiya. Na kira wayarki har na gaji, na kira Andrew bai shiga ba. Don Allah kada a taɓa wayar sai kin karanta wannan har ƙarshe.

Ba yau na rubuta ba. Ruwa ya cinye 'yar alamar nan ta sama da ke tsakanin a da u. Sunansa ne, Yaya. Ya'u.

Ranar da muke saita wayar na ce masa ya zaɓi maganar da ba wanda zai yi tunaninta, kuma shi ba zai manta ba. Sai ya yi dariya ya rubuta wannan. Ya ce mini, “Kawu, wannan ko duniya za ta taru ba mai cankarta, don wadda ake wa maganar ma ba ta taɓa amsa ta ba.” Ban tambaye shi ƙarin bayani ba, muka wuce zuwa taswira.

A gaya wa Murjanatu alamar tana cikin shafin lambobi, kuma harafin farko na Inna da na sunan manya ne. In kina jin tsoro ki bari sai na zo.

Tanko

*

Tungar Arzika
Watan Rajab

Ƙanena Tanko,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, a shafa mini kan mai haƙori. Ƙafata ta koma kumburi, Balaraba ta dawo na bar mata banda na ɗan lokaci. Murjanatu ta fita takaba, iyayenta sun aiko daga Ngaski, amma ta ce sai bayan azumi za ta koma.

Takardarka ta iso an riga an gama. Na karanta ta duk da haka.

Ga yadda anka yi. Ina bakin ruwa da hantsi ina kankare tukunya, ina ta maimaita maganar nan a bakina kamar yadda na saba. Ban san yadda anka yi ba, harshena ya ɗan tsaya a tsakiyar kalmar ƙarshe, sai na ji abin da na kusa faɗi. Na ajiye tukunyar. Lokacin yana ƙarami, da ya lura ina kiran ƙannensa da sunansu shi kuwa sai kai ko ɗan nan, yakan riƙe mini zane ya yi ta wannan roƙon. Ni kuwa in ture hannunsa in ce ya ba ni wuri, wace uwa ce ke kama sunan ɗan farinta, so yake a yi mini dariya a gari? Da ya girma ya bari. Na ɗauka ya manta.

Na koma gida na fito da wayar na kira Murjanatu. Ta ce ita tun ranar da ta ƙi buɗewa ta gane, amma da wane baki za ta faɗi sunan mijinta a gaban uwarsa. Ka ga mu, mata biyu cikin gida ɗaya, kowace ta san sunan, kowace ta riƙe bakinta, saura kaɗan mu goge shi da kunya.

Na ce ta rubuta. Ta riƙe wayar, ta ce wannan ne na ƙarshe, ba za ta danna abin da take zato ba, sai abin da ta ji da kunnenta.

“Inna, mi zan rubuta?”

Na faɗa. Bai fita da kyau ba, ta ce in sake. Na sake da ƙarfi, har Balaraba ta leƙo daga wurin banda ta ga ko wani ya shigo. Murjanatu ta daɗe tana neman 'yar alamar, ta same ta, ta duba, ta tura. Ta buɗe.

Ba mu taɓa komai ba sai taswirar. Sunayen mutanenka suna nan yadda suke, ka zo ka yi abin da za ka yi da su. Masu jirage biyu sun zo sun ce in gaya maka suna son alamomin a wayoyinsu, na ce sai ka zo. Murjanatu ta duba wurin da abin ya faru, babu alama a nan. Bai kai ga wannan ba.

Muryar tasa ce, Tanko. Ta fi yadda nake zato kauri, kuma akwai ƙarar inji da iska a bayanta. Ba ya cewa komai sai aikinsa. Nan kututture ne babba, nan guda biyu ne kusa da juna, nan ba a ganin sa sai ruwa ya ja. Wani wuri yakan yi tari. Wani wuri yana wa wani faɗa ya zauna kada ya kifar da su. Murjanatu ta yi kuka har ta shiɗe. Ni ban yi ba, har yanzu. Na zauna na saurara, na ce a kashe kada caji ya ƙare.

Murjanatu ta koya mini inda ake dannawa. Guda ɗaya nake saurara kowace safiya bayan na idar da salla, ba na ƙarawa. Ta ce in sun ƙare ana iya komawa farko, ba su gogewa. Na sani. Amma wanda ban ji ba tukuna, kamar bai faɗe shi ba ne, shi ya sa ba ni gaggawa.

Na wannan safiya gajere ne. Ya ce akwai kututture gab da mashigar Wara, a bi ta hannun hagu, a rage gudu. Na ce to.

Yayarka,
Hansatu